Ƙofar da Falalu Ya Sani

Laraba, ƙarshen Janairu 1979, bayan la'asar

Na dawo daga taron malaman jami'a da ƙafa a kumbure. Tun hantsi muke zaune, kuma duk maganar a kan darasina ta tsaya.

Sabon daktan nan da ya dawo daga Faransa bara shi ya fara magana. Ya ce ƙasar nan alƙalai take buƙata da injiniyoyi da likitocin dabbobi, ba masu hira ba. Ya ce shekarar farko da muke tara ɗaliban shari'a da na kimiyya da na adabi a zaure ɗaya, a ba su tarihi kaɗan, falsafa kaɗan, labarin taurari kaɗan, ɓata lokacin ɗan talaka ne. Yaron yana da kai, ban raina shi ba. Na ce masa in ma'aikata kawai muke so, a rufe jami'a a buɗe gareji, ya fi sauri. Na ce alƙalin da bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba ya sallarsa ba, gobe shi za a kawo wa wannan mutum a ɗaure ya yi masa shari'a.

Daga nan suka shiga abin da ya fi ci musu rai, wato abin da ɗalibai ke kira auren Mushe. Mushe ni ne, wato Malam a bakin masu Faransanci, haka ake kirana tun ina koyar da yara a Damagaram. Kowace shekara nakan haɗa ɗalibaina biyu-biyu, ɗan arewa da ɗan kudu, ɗan wannan fanni da ɗan wancan. Kowa ya koya wa abokinsa abin da yake karantawa, har abokin ya iya tsayawa gabana ya bayyana shi. Maki ɗaya nake ba su su biyun. Kuma dole kowa ya je gidan ɗan'uwansa ya ci tuwo, ya ga inda yake kwana da fitilar da yake karatu da ita. Dakta ya ce wannan dillancin aure ne, ba ilimi ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Shugaban sashe ya ce a bar maganar sai gari ya lafa. Ba wanda ya tambaye shi abin da gari yake yi.

Juma'a, da yamma

Tari ya hana ni masallaci. Maƙwabciyata Goggo Hansai mai ƙosai ta kawo kunu, ta tsaya a kaina har na shanye. Tun rasuwar matata Zaliha ita ce ke sanin ko na ci ko ban ci ba.

Talata, da la'asar

Ƙungiyar ɗalibai ta rabu biyu. Yanzu shugabanni biyu ne da sakatarori biyu, suna rikici a kan injin buga takardu guda ɗaya. Waɗannan sun ce yajin karatu, waɗancan sun ce kowa ya shiga aji. Na tambayi wani daga cikinsu abin da ya raba su, ya kawo mini dogon bayani da Faransanci. Da na duba waɗanda ke tsaye bayansa sai na ga duk mutanen yanki ɗaya ne.

Falalu ya biyo ni gida. Ɗan Alhaji Ɗanladi ne mai shagon yadi a unguwar Klemat, mutanen Kano da suka zo ba da daɗewa ba. Shari'a yake karantawa. Na haɗa shi da Jimadum, ɗan kudu ɗalibin lissafi, wanda ke zaune a unguwar Mursal gidan kawunsa jandarma. A auren bana ba wanda ya kai nasu daɗi. Ranar da Falalu zai fara zuwa Mursal sai da ya cika cikinsa a gida, don tsoron abin da za a zuba masa. Ashe matar kawun ta sayo sabuwar tukunya saboda shi, ta kai kaza wurin mahauci Musulmi ya yanka. Ya ci har ya nemi ƙari. Jimadum na kiransa alƙalin ƙauye, shi kuma yana kiran Jimadum Sifiri.

Ya zauna a bakin tabarma, ya ce kwamitinsu ya yanke cewa duk ɗan arewa ya saki abokinsa. Ya roƙe ni in raba su a idon mutane kawai, su ci gaba da karatunsu a ɓoye. Na ce ya je ya gaya wa kwamiti waliyyi ya ƙi. Na zaci zai yi dariya.

Ya ce, "Baba, kai a aji kake ganinmu. Ba ka ganin abin da ake yi da mu in mun fita."

Na ba shi littafi ya kai wa Jimadum. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ajiye mini a kan tebur ya tafi.

Litinin, da azahar

An fara harbi. Ta wajen makarantun sakandare aka soma jin shi, yanzu ko'ina ne. Ban fita ba.

Talata, da hantsi

Ban fita ba. Rediyo ta yi kiɗa, sannan ta yi shiru.

Laraba, da hantsi

Wani abu ya faɗi bayan gidan Goggo, ƙasar rufi ta zubo mini a kan littattafai. Na kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, na jera na tarihi a ƙasa, na falsafa a sama. Daga baya na mayar da su yadda suke.

Asabar, bayan azahar

An ce an tsagaita wuta. Goggo ta leƙa titi ta dawo ta ce gari ya tsage gida biyu, mu a unguwar Kabalaye muna kan tsagar. Mutanen kudu suna ta wucewa da katifu a ka, wasu da keken ɗinki, sun nufi gada. Ta ce ta ga malamin asibitin da ke yi mata allura yana tura mahaifiyarsa a amalanke, ta gaishe shi da Larabci, ya dube ta bai amsa ba. Abin ya yi mata ciwo, tana ta maimaita shi.

Ta ce mu ma mu haye kogi zuwa Kuseri, garin da ke tsallaken iyaka, kamar kowa. Na ce da wace ƙafar.

Litinin, da safe

Yau ranar darasina ce. Da a kan kusufin wata zan yi magana, yadda mutanen dā suka gane duniya a dunƙule take daga inuwarta. Nakan sa ɗalibin kimiyya ya yi shiru, ɗalibin adabi ya yi bayani, in ya yi kuskure na kimiyya ne ke jin kunya.

Ina so in rubuta wannan tun da sauran ƙarfin hannu. Lokacin da Nasara suka kwashe mu zuwa makarantar malamai can bakin teku, ina yaro, an jefa ni ɗaki ɗaya da wani ɗan Dahome mai cin abin da ba na ci, mai bauta wa abin da ban sani ba. Wata uku ban yi masa magana ba. Shi ya zauna da ni da ciwon shawara ya kama ni. Duk abin da Nasara suka koya mini a can na manta rabinsa, amma wannan ɗakin ban manta ba. Shi ya sa nake cewa jami'a wuri ne da ake tilasta wa mutum ya zauna da wanda da son ransa ba zai zauna da shi ba, har ya san shi. Sana'a kowa na iya koyonta wajen ubangidansa. Wannan kuwa in ƙasa ba ta yi wa 'ya'yanta shi ba, ba mai yi musu.

Haka na ce a taro, haka nake cewa yau.

Alhamis, da la'asar

Alhaji Ɗanladi ya zo. Bai taɓa taka gidana ba sai yau. Ya tsaya a tsakar gida da takalminsa, ya ƙi zama. Ya tambaye ni ko Falalu ya biyo ta nan. Na ce tun kafin a fara rabona da shi.

Ya ce kwana da kwanaki yaron bai kwana gida ba. Abokansa na kwamiti sun zo da mota sun ɗauke shi, an gan shi daga baya da rawani naɗe har hanci, cikin masu bindiga. Ya ce ba ya riƙe da bindiga, aƙalla ranar da aka gan shi. Sai ya rage murya ya ce abin da ake nema wurin irin su Falalu ba harbi ba ne. Lungunan Mursal ba su da suna, ba su da lamba, kuma mayaƙan da suka zo daga jeji ba su san su ba. Ana neman gidajen jandarmomi, don su ke yi wa kudu yaƙi. Ana tambayar wa ya taɓa shiga.

Ya ce, "Malam, ni yadi na kawo shi ya auna. Uwarsa ce ta ce boko. Kai kuma ka ɗauke shi ka kai shi gidan jandarma cin kaza."

Na ce masa darasi ne.

Ya ce, "To, ya haddace."

Na raka shi ƙofa. Ƙafar ta fi jiya kumburi.

Juma'a, da safe

Falalu ya san ƙofar. Ni na aike shi.

Juma'a, da yamma

Na ƙi kunun Goggo. Ta ce in ban sha ba za ta ɗura mini kamar ɗan akuya.

Asabar, da hantsi

Ɗaliban da na haɗa a shekarun nan suna da yawa. Na fara tuna su biyu-biyu, sai na bari.

Wataƙila Jimadum ya tafi kudu da sauran mutane. Amma kawunsa jandarma ne, ba zai bar aiki ba, matar kuma ba za ta bar gida ba, shi kuwa ba zai bar matar da ta rene shi ba. Na san shi. In yana warware lissafi ko allo ya cika ba ya sharewa sai ya kai ƙarshe.

Lahadi, bayan la'asar

Na yi abin da bai kamata tsoho ya yi ba. Da gari ya waye na sa kwat ɗina na aji, na ɗauki sanda, na ce zan je Mursal in gaya musu su tashi. Na san gidan, na taɓa zuwa gaishe su. A zamanin da ake kiran garin nan Lami nakan taka daga nan zuwa can ba tare da na sani ba.

Titin ya zama wani iri. Ƙofofi a buɗe, ba kowa. Karnuka sun yi ƙiba. Akwai wari, ban nemi inda yake fitowa ba. Kafin in kai babban titi wasu samari da bindiga suka tare ni, suka tambaye ni da Larabci ina za ni. Na ce wurin ɗalibina. Ɗayansu ya ce, "Shayib," wato tsoho, "makaranta ta tashi," suka yi dariya. Ba su taɓa ni ba. Na wuce su kaɗan sai gwiwar ta saki, na zauna a bakin kwata, na kasa tashi. Rana ta yi ta hawa.

Goggo ce ta zo da mai amalanke. Tun daga can har gida tana faɗa. Ta ce tsohon banza da kwat, wa zai yi maka wanka in ka mutu a kwata. Na bar ta ta yi.

Da ta huce tana shafa mini man zafi, na gaya mata abin da ya fitar da ni. Sai ta ce shi ma ɗan Mursal ɗin ai ya san gidan Alhaji a Klemat, ya sha shayi a can, ya san inda mata ke kwana. Ta ce me ya sa nake tsoron ɗaya ba na tsoron ɗayan. Na ce don ɗayan ne aka gani da rawani. Amma ban yi tunanin wannan ba sai da ta faɗa.

Talata

Zazzaɓi.

Alhamis, da hantsi

An sake farawa, wannan karon ta kudu ake jin shi. Goggo ta ce jandarmomi suna janyewa.

Asabar, da azahar

Dakta ya biyo ta nan, wanda ya ce dillancin aure nake yi. Ban zaci ya san gidana ba. Yana kan hanyar bakin kogi da jaka ɗaya, zai haye. Ya kawo mini maganin zazzaɓi da sukari, ya ce in zo ya goya ni har kwale-kwale. Na yi godiya, na ce a'a.

Ya ce an shiga jami'a, an yi girki da benci, zauren da nake darasi ya zama wurin kwanan mayaƙa. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya ce ya ji labarin wani ɗalibina ɗan arewa da ya ɓoye abokinsa cikin buhunan gero har aka fitar da shi gari. Na ce Alhamdu lillahi. Sai ya ce ya kuma ji labarin wasu biyun, ya faɗi sunayensu, ya faɗi abin da ɗaya ya yi wa ɗayan. Ba zan rubuta ba. Na tambaye shi Falalu da Jimadum, ya ce bai ji komai ba.

Kafin ya tafi muka koma gardamarmu, kamar ba abin da ke faruwa. Ya ce da an koya musu gyaran famfo da awon hanya, da yanzu akwai masu gyara garin in an gama. Na ce da an zaunar da waɗanda suka fara wannan abin a benci ɗaya tun suna samari, da ba a kai nan ba. Ya ce, "Mushe, yawancinsu ajinsu ɗaya a sakandare." Ya sumbaci hannuna ya fita.

Litinin, da safe

Ranar darasi. Ban buɗe littafi ba.

Laraba, da yamma

An ce mayaƙan arewa sun shiga Mursal. Goggo ta ji a wajen masu ɗebo ruwa. Ta zo ta zauna a ƙofar ɗakina tana gyaran wake.

Alhamis

Ba labari.

Juma'a

Ba labari. Duk motar da ta tsaya sai in miƙe.

Lahadi, bayan la'asar

Falalu ya zo. Ya yi sallama daga waje da muryar da na sani. Ya rame, rawanin na wuyansa, ba bindiga a hannunsa. Ya zauna a inda ya zauna wancan karon. Goggo ta kawo masa ruwa, ta dube shi sama da ƙasa, ta koma ta tsaya inda za ta ji.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce sun matsa masa kwana da kwanaki, yana ce musu ya manta hanya. Ranar Laraba suka sa shi a gaban mota, mutum biyu da bindiga a baya, suka ce ya tuna. Ya kai su. Ya ce bai ɓata ko lungu ɗaya ba.

Gidan a kulle yake. Suka fasa, ba kowa, ko tabarma an naɗe. Wata tsohuwa a maƙwabta da ta kasa gudu ta gane shi, ta ce kai ne abokin karatun yaron nan. Ta ce tun ranar da aka fara harbi, kafin kowa a lungun ya motsa, Jimadum ya sa matar kawunsa a gaba sai sun tashi. Matar tana cewa ina za su, shi yana cewa akwai ɗan arewa da ya san ƙofar nan. Washegari suka bi motar farko zuwa kudu.

Na ce Alhamdu lillahi, na sake cewa.

Falalu bai ce amin ba. Ya ce, "Baba, ni yake nufi. Tun ranar farko. Lokacin ina gidanmu ƙarƙashin gado, ina tunanin ko ya ci abinci. Ban yi komai ba tukuna, ya riga ya gudu daga gare ni." Idonsa ya yi ja. Ya ce a gidan nan an kira shi ɗa, ya ce Sifiri ya san shi fiye da 'yan ɗakinsu, ya rasa yadda zai yi masa wannan zato.

Na bar shi ya gama. Sannan na yi masa tambayar da ta hana ni barci tun zuwan mahaifinsa. Na ce, "Da kun same shi fa?"

Goggo ta daina motsi.

Ya ce, "Tun daga Klemat nake tunanin abin da zan yi. Na ce zan nuna wani gida. Na ce zan tsaya a gabansa in ce ɗan'uwana ne. Na ce zan yi shiru kawai. Wallahi Baba, har muka tsaya a ƙofar ban gama tunanin ba."

Na ce ya sha ruwan. Ya sha. Ya ce mahaifinsa zai mayar da shi Kano cikin satin nan, ba zai dawo ba ko an buɗe. Ya durƙusa ya yi mini sallama kamar yadda ake yi wa uba. Na sa masa albarka, don ban san abin da zan sa masa ba in ba ita ba.

Litinin, da asuba

Jimadum bai mutu a gidan kawunsa ba. Tun da na idar da salla nake maimaita wa kaina wannan, kuma gaskiya ne. Abin da ya fitar da shi daga gidan kuwa, yau ba zan iya rubuta shi ba.